Wankan da Aka Yi wa Yohanna

Duk wanda yake da mutum a gidan yari, yana jiran ranar da za a sako shi, ya zauna ya ji abin da ya same mu da ƙanena Yohanna. Mu ma haka muka jira. Mun ɗauka ranar da aka buɗe masa ƙofa wahala ta ƙare, ashe ranar za mu fara jinyar da ta cinye mana damina guda, ta cinye awakina, ta kuma raba ni da wasu dangi waɗanda har suka mutu gaisuwarmu ba ta wuce ta fatar baki ba.

Sunana Saratu. Ni ce babba a ɗakinmu, Yohanna ne yake bi na. A lokacin, shekaru kaɗan kafin Turawa su tafi, ina aure a Kafanchan, mijina Ayuba yana lodin kwal a loko, wato wurin ajiya da gyaran kawunan jirgin ƙasa. Ƙauyenmu tafiyar safiya ce daga gari, layin dogo ya ratsa ta gefen gonakinmu. Yohanna manomi ne, mai surutu da tsokana, irin wanda in yana wurin gayya ba a bukatar makaɗi. Ranar da aka zo kama awakin babanmu a kan haraji, ya ɗaga ƙotar fartanya ya fasa wa wani ɗan doka baki. Ba na kare shi, abin da ya yi bai kyautu ba. Aka yanke masa shekara biyu, aka sa shi a jirgi aka yi arewa da shi. Babanmu ya rasu bai sake ganinsa ba.

Ni na tarye shi a tasha, farkon damina. Ina so a riƙe wannan da kyau: da hankalinsa ya sauko daga jirgin nan. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, yana magana ƙasa-ƙasa, amma ya gane ni. Ya shafa kan jaririn da nake goye da shi ya tambayi sunansa, ya tambaya ko an watsa acca. Maƙwabciyata Mama Ngozi, wadda ke suyar ƙosai a bakin tasha, ta cika masa hannu tana kiran Allah da yarensu, tana cewa, "Chineke! Ci, ɗan'uwa, ci. Kai ya zama kamar sandan rake." Har ya yi dariya. Da na san abin da ke jiransa a ƙauye, da a ɗakina na ɓoye shi.

A wurinmu akwai wata al'ada. Wanda ya taɓa shiga sarƙa ba ya shiga gida haka nan, an ce yana ɗauke da dauɗar da ke hana hatsi yin ido, tana kuma sa mata ɓari. Sai an kai shi rafi an tuɓe shi, an ƙone kayan jikinsa, an aske masa kai ƙwal, an wanke shi da ganye. Daga nan a sa shi a wata bukka a bayan gida a kare ƙofar, a riƙa tura masa abinci ta ƙasa, ba mai kiran sunansa sai sabon wata ya tsaya. Mu masu bi ne, muna zuwa sujada kowace Lahadi. Malam Bulus, mai bisharar ƙauyenmu, ya ce abin aikin duhu ne, amma can cikin maƙoshi ya faɗa, don Baba Shekari yana wurin.

Baba Shekari ƙanen babanmu ne, shi ya gaji gidan. Tsohon soja ne, ya je yaƙi ya dawo da usur a wuya da murya mai firgita kaji, kuma bai yarda akwai abin da tsawa ba ta gyarawa ba.

Mu mata daga nesa muka tsaya. Yohanna ya gangara rafin yana hira da maza. Da aka ce ya tuɓe, sai ya yi shiru. Ya cire rigar ya ninke ta tsaf ya ajiye a gabansa. Da aska ta hau kansa na ga kafaɗunsa sun sauka. Ana gamawa, ba wanda ya sa shi, ya tsuguna ya ɗora hannu biyu a ka, ya ɗaga murya ya faɗi wata lamba da Turanci, ya ƙara da, "Ranka ya daɗe!"

Samari suka kwashe da dariya. Baba Shekari ya ce, "Kun gani ko? Abin ya fara fita."

Ba fita yake yi ba, shiga yake yi. Sai bayan shekaru Yohanna ya gaya mini cewa abin da aka yi masa a rafin nan shi ne daidai abin da ake yi wa sabon fursuna ranar da aka kai shi. A tuɓe ka, a karɓe kayanka, a aske ka, a watsa maka ruwa, a tura ka ɗaki a rufe, a daina kiran sunanka. Ko ɗaya ba a tsallake ba. Kakanninmu da suka kafa al'adar ba su taɓa ganin cikin gidan yarin Bature ba, mu ma ba mu taɓa gani ba.

Da wata ya tsaya na koma ƙauye don shagalin fitarwa. An yanka akuya, an dama kunu, dangi sun cika tsakar gida. Baba Shekari ya janye ƙyauren bukkar ya ce, "Yohanna, fito, an gama." Bai fito ba. Mama, mahaifiyarmu, ta matsa bakin ƙofa ta kira shi da yarenmu. Yana tsugune a lungu, fuskarsa a bango, ya ninke bargonsa ya ajiye kusa da ƙafa. Bai juyo ba. Da Hausa ya amsa, cikin ladabin da ban taɓa ji a bakinsa ba.

"Ranki ya daɗe, shekara nawa aka ƙara mini?"

Mama ta zauna a ƙasa inda take. Naman akuyar nan baƙi ne suka ci.

Makon farko bai fito ba sam. In an ajiye abinci ba ya taɓawa, sai ya huce ƙudaje su hau. In ya ga ba kowa, ya gutsuri tuwon ya ɓoye cikin bargo har ya yi tsami. Ba ya kallon idon kowa. Yarenmu ya ɓace daga bakinsa, sai Hausa, ita ma kalma biyu ko uku. In fitsari ya matse shi sai ya ɗaga hannu ya jira izini, in ba wanda ya lura ya yi a inda yake, ya yi ta ba da haƙuri. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jirgi. Duk sanda jirgi ya yi usur a bayan gonaki, ko barci yake sai ya zabura ya tsuguna, hannu a ka, yana jiran a zo ƙidaya.

Cikin mako na biyu Baba Shekari ya gano nasa maganin. Ya gaji da lallashin da Mama ke yi, ya busa usur ɗinsa a bakin bukka ya daka tsawa, "Kai fursuna! Ci abinci!" Yohanna ya jawo akushin ya cinye tas, ya lashe hannu. Aka yi guɗa a gidanmu. Ni kaina na ji sanyi a raina, don na fara ganin haƙarƙarinsa ta bayan riga. Daga ranar komai da usur ake yi. Usur ya tashi, usur ya yi wanka, usur ya kwanta. Baba ya ba shi langalanga ya sa shi yankan ciyawa a bayan gida, yana zaune a kujera yana gaya wa masu wucewa cewa shi da likita bambancinsu farar riga ce kawai.

Wata safiya na zagaya bayan gida na tarar da shi yana ta kaɗa langalangar a kan tsurar ƙasa. Ciyawar ta ƙare tun jiya, Baba ya tafi gona ya manta bai busa na tsayawa ba. Tafin hannunsa ya fashe, jini yana bin ƙotar. Yara sun taru a kan dutse suna kiransa fursuna. Na ce, "Yohanna, ya isa haka." Bai ko rage ba, don ba da tsawa na faɗa ba. A wurin na yanke shawara zan kai shi asibiti, ko da me Baba zai ce.

Ya ce abubuwa da yawa kuwa. Ya ce aure a gari ya sa na raina manya, ya ce mace ba ta ɗaukar ɗa namiji daga gidan ubansa. Ƙarshe dai shi ya rako mu, don ba yadda za a yi Yohanna ya taka hanya in ba a umarce shi ba. Na sayar da akuyata ta farko a kan hanya, wani mahauci ya ga idona ya taya ta kamar kaza, na sallama.

Layin asibiti kuwa sai wanda ya tsaya ya sani. Tun kafin rana ta fito mutane sun cika ƙarƙashin mangwaro, masu miki, masu tari, mata masu ciki, Fulani da suka kwana a hanya. Ranar farko kati kawai muka samu. Rana ta biyu ana gab da mu aka ce likita ya shiga tiyata. Mutane suna ture-ture suna zagin mai kiran suna, Yohanna kuwa yana tsugune a inda aka ce ya tsaya, ko motsi ba ya yi, har wata tsohuwa ta ce mini da ma a ce ɗanta ne mai natsuwa haka. Na kusa zaginta, baiwar Allah, ba ta san komai ba. Mama Ngozi ce ke barin kaskonta ta kawo mana koko da rana, ba ta taɓa karɓar komai a hannuna ba.

Da muka shiga, likitan Bature ne, wani malamin asibiti yana fassara. Ya duba idonsa, ya ƙwanƙwasa ƙirjinsa, ya ga tabon da ke idon sawunsa ya daɗe yana kallo. Ya ce ba zazzaɓi, ba ciwon barci, jikin ba abin da yake so sai abinci. Ya tambayi abin da aka yi masa tun dawowarsa. Da na faɗi na rafi da na usur, ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce a daina yi masa tsawa. Ya ba mu wani ruwan magani mai ɗoyi na sa barci. Sannan ya faɗi maganar da har yau take kunnena, malamin ya rage murya ya fassara.

"Ya ce in gaya maki gaskiya. Ba mu da ɗaki na irin wannan ciwo. In hukuma ta tsince shi yana yawo, ko ya taɓa wani, za a kawo shi a sa hannu, kuma wurin da ake ajiye irinsu wani ɗaki ne a cikin gidan yari. Wanda alƙali ya ɗaure yana da ranar fita. Wanda aka rufe don hauka ba shi da ita. Ki riƙe shi da kyau, mama."

Muka fito. Na ƙi mayar da shi ƙauye, na riƙe shi a ɗakinmu na barikin ma'aikata, Ayuba ya koma kwana a baranda. Sai dai ban yi tunanin abu ɗaya ba. Kafanchan garin jirgi ne, usur ba ya yankewa, na tasha, na loko, na canjin aiki. Yohanna ya wuni yana tashi yana tsugunawa har gwiwoyinsa suka kumbura. Na toshe masa kunne da auduga, ya bar ta don ya ɗauka umarni ne, amma ƙarar tana ratsawa. Maganin yana kwantar da shi da dare, da safe ya tashi kamar wanda aka jiƙa. Abinci kuma ya koma matsala, tunda na rantse ba zan daka masa tsawa ba. Sai in zauna kusa da shi in yi ta ci a hankali ina surutu na banza, wani lokaci ya kai loma biyu, wani lokaci ko ɗaya.

Masu ba da shawara kuwa ba a rasa su ba. Matan zumunta na majami'armu suka zo suka yi azumi da addu'a, na gode musu, amma waƙarsu da tafi sun sa ya shige ƙarƙashin gado. Wata gwaggonmu ta kawo mai magani daga wajen Nok, ya turara shi da hayaƙin da ya kori har ɓerayen ɗakin, Yohanna ya yi ta tari yana cewa, "Na gode, ranka ya daɗe." Akuya ta biyu ta tafi a nan. Wani ya ce kan baƙar kaza, wani ya ce a kai shi kabarin babanmu ya roƙi gafara. Kowa da nasa, kuma duk wanda ya ba da shawara sai ya zauna ya ci tuwo. Cittar da na ajiye don lokacin tsada ita ma na fitar da ita.

Maƙwabta suka fara gunaguni. Matar wani direban jirgi ta ce ba za ta bar 'ya'yanta suna wasa kusa da mahaukaci ba, mahaukacin ma fursuna, in ba a ɗauke shi ba mijinta zai kai magana ofis. Ayuba mutum ne mai haƙuri, amma wata rana ya ce mini, "Saratu, in aka kore mu daga ɗakin nan ina za mu?" Sai na yi masa faɗa a kan wani abu dabam.

Duk da haka akwai ranar da muka yi murna. Wajen wata na biyu Mama Ngozi ta kawo miyar ganye irin tasu, ya kai loma ɗaya, ya yamutsa fuska ya ce, "Barkono ya yi yawa." Muka kalli juna. Mutumin da ko wuta aka ba shi godiya yake yi, yau ya kushe miya! Mama Ngozi ta tashi tana rawa a tsakar bariki tana cewa, "Ya zage miya na! Ya zage miya na! Gobe zan ƙara barkono!" Ranar na yi barci.

Ba a yi kwana nawa ba Baba Shekari ya iso da maza biyu da igiya. Gunagunin bariki ya kai ƙauye. Ya ce sun samu wani mai turu a wajen Zangon Kataf, za a sa ƙafarsa a gungume wata uku, a yi masa bulala da safe, duk wanda aka kai yana dawowa da ladabi. Na tare ƙofa. Na ce ladabi ne ya rasa? Ladabin ne ma yake kashe shi! Muka yi ta sa-in-sa, muryarsa tana tashi tawa tana bin ta, bariki ya taru. Na manta Yohanna yana ciki yana ji, yana kuma hango igiyar ta ƙasan labule. Ayuba ya shiga tsakani, aka ce a bari sai gobe, su Baba suka sauka gidan wani ɗan garinmu.

Da safe na je famfo ɗiban ruwa, layi ya riƙe ni. Na dawo ɗaki wayam. Ba shi, ba bargonsa.

Na yar da bokitin. Na ruga tasha da goyona, na duba kasuwa, na bi bakin layin dogo ina leƙa kwalbati, zuciyata tana gaya mini abin da ba na so in ji. Duk ɗan sandan da na hanga sai in rage gudu, kada ya tambaye ni abin da nake nema. Wata Bafulatana mai nono ce ta ga yadda nake waige-waige ta ce, "Wani ramamme kike nema, da bargo a ka? Ya bi hanyar gidan yari tun ɗazu."

A can na same shi. Yana tsugune a gefen babbar ƙofar, bargo a ninke a gabansa, hannu biyu a ka. Mutane sun fara taruwa. Wani dattijon ganduroba mai furfura a gemu yana tsaye a kansa, da ya ga na nufo ya taho ya tare ni.

"Naki ne?"

Na ce ƙanena ne.

"Ya ce wai ya makara daga wurin aiki, a buɗe masa. Na gaya masa ba ya cikin namu, ya ƙi tashi. Ji nan, 'yata. Babbanmu ya tafi ofis, yana dawowa kafin azahar. In ya same shi a nan dole ya aika wa likita, ni kuma ba ni da ta cewa. Ki ɗauke shi yanzu."

Na durƙusa na roƙe shi. Na kira sunansa, na kira sunan Mama, na ja hannunsa, kamar ina jan kututture. Rana tana hawa, hadari kuma yana haɗuwa ta gabas. Can sai ga Baba Shekari da mutanensa, labari ya kai musu. Ya ture jama'a ya shigo, ya ciro usur daga wuyansa.

"Matsa, Saratu. Busa ɗaya zai bi ni kamar tunkiya."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro. Busa ɗaya zai tashi, ya tsira daga ƙofar nan, ya bi igiya zuwa turu. In kuma ba a busa ba, ga babban gandurobobi yana tafe. Na kama usur ɗin da hannuna tun yana bakinsa. Ban taɓa taɓa babba ba a rayuwata sai ranar. Na ce, "Baba, in ka busa wannan abu, ka busa shi a kan kabarina." Ya ce na haukace ni ma. Na ce to, ai ga wurin mahaukata mun zo.

Ban san inda tunanin ya fito ba. Na gyara goyona, na je na tsuguna kusa da Yohanna, kafaɗa da kafaɗa, na ɗora hannu biyu a ka.

Aka yi ta dariya. Na ji wata tana cewa matar Ayuba na loko ce. Gandurobar ya ce, "Haba, 'yata, tashi mana." Na ce, "Baba, in za a rubuta shi a rubuta mu biyu." Gwiwoyina suka fara zafi, zufa tana shiga idona, jaririn ya farka ya soma kuka. Kowane keke ya ɓullo daga kwana sai in ɗauka babbansu ne ya dawo. Yohanna bai motsa ba. Na ce a raina, Ubangiji, in na yi wauta ne ka yafe mini, amma ba zan tashi ba.

An daɗe. Sai na ji ya yi magana ta gefen baki, kansa a ƙasa, yadda fursunoni ke yi kada a gan su.

"Mata ba a nan suke layi ba."

Na ce, "Inda kake nan nake."

"Za su aske miki kai."

"Su aske."

Iska ta taso, yayyafi ya fara sauka, masu kallo suka fara janyewa ƙarƙashin bishiya. Jaririn ya ƙara ƙarfin kuka har yana shiɗewa. Na ji numfashin Yohanna ya canza. A hankali ya juyo da kai, ya kalli yaron, ya kalle ni a ido, abin da bai yi ba tun ranar rafi.

"Yaya, yaron nan zai jiƙe. Ki kai shi gida."

Na ce, "Ƙafata ta mutu, ba zan iya ba. Sai in kai za ka kai mu."

Ya sauke hannu ɗaya, sannan ɗayan. Ya ɗaga ido wajen gandurobar yana neman izini. Dattijon nan, Allah ya saka masa, sai ya juya baya ya shiga gyaran maɓallin rigarsa, kamar bai san da mu ba. Yohanna ya dubi Baba Shekari, shi ma na ga usur ɗin yana lilo a ƙirjinsa, hannunsa a ƙasa. Ba wanda ya ce tashi, ba wanda ya ce zauna. Ya dafa ƙasa ya miƙe. Ya kama hannuna ya ɗaga ni ya ce, "Mu tafi."

Ba mu yi nisa ba wani mai kaki da hular kwano ya wuce mu a kan keke, ya nufi ƙofar. Ban waiwaya ba.

Kada wani ya ɗauka ranar ya warke. Washegari ma ya tsuguna da jirgin safe. Sai da muka mayar da shi wurin 'yan'uwan Mama a bayan Samaru Kataf, inda ba a jin jirgi, ni ina zuwa ina dawowa har aka yi girbi. Yarenmu ya dawo masa kaɗan-kaɗan, dariya ta fi daɗewa ba ta dawo ba. Ya yi noma, ya yi aure daga baya, amma har tsufansa ba ya kwana a ɗakin da aka rufe ƙofarsa, kuma bai sake yarda aska ta hau kansa ba. Baba Shekari bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ni ma ban taɓa ba shi haƙurin kama usur ɗinsa ba.

Ina godiya ga Mama Ngozi, da likitan da bai ɓoye mini gaskiya ba, da dattijon da ban san sunansa ba, da Ayuba da ya sha cizon sauro a baranda. Dangin da suka ci tuwona suna kiran ƙanena mahaukaci kuwa, na bar su da Allah. Ku da naku yake hanyar fitowa, ku tambaye shi abin da aka yi masa a ciki kafin ku yi masa komai da sunan alheri. Ku kira shi da sunansa tun daga tasha, kada ku rufe shi, kada ku daka masa tsawa ko da ita ce take sa shi cin abinci.

Mutane kan tambaye ni yaushe na san zai tashi. Ranar nan ce, a kan hanyar komawa. Yana gaba ina biye, ruwa ya sauko sosai. Da muka kai mararraba sai ya ɗauki hanyar da ba ita ba, wadda ke zagayawa ta bayan kasuwa, ninki biyu ta tamu. Na buɗe baki zan ce masa ba nan ba ne, sai na rufe. Na gyara wa yaron zane a ka, na bi shi cikin taɓo har gida.